Ƙasa, Al'umma da Iyaka: Matsayin Bahaushe Tsakanin Nijeriya da Nijar

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin Hausawa ya san akwai wasu tambayoyi guda biyu da ba sa daɗewa ba su taso a cikin aji ba. Da zarar an zana taswirar ƙasar Hausa a allo, aka sa Kano da Katsina da Daura da Zazzau, sannan aka haura arewa aka sa Maraɗi da Tsibiri da Tasawa da Birnin Ƙonni, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai waɗannan garuruwan na Nijar ne, ba namu ba ne." Kafin malami ya gama ba shi amsa, sai wani ya karɓe ya ce, "To, tun da harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, me ya hana a share iyakar nan da Turawa suka yi, mu koma ƙasa ɗaya?" Na daɗe ina sauraron waɗannan tambayoyi, kuma na lura cewa ko da yake sun yi hannun riga da juna, tushensu ɗaya ne. Dukkan ɗaliban biyu sun ɗauka cewa ƙasa da al'umma abu guda ne, saboda haka inda ɗaya ta tsaya, nan ne ya kamata ɗayar ma ta tsaya.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin warware wannan ruɗani, sannan ta bayyana ra'ayin marubucinta. A taƙaice, ra'ayin shi ne, iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar ta cancanci a bar ta inda take, a kuma girmama ta a matsayin inda ikon wata hukuma ya ƙare, na wata ya fara. Amma babu hukumar da take da hujjar mayar da ita katangar da za ta toshe abinci da zumuncin talakawan da ke zaune a gefunanta. Batun ya shafi ɗalibin kwalejin ilimi kai tsaye, domin gobe shi ne zai tsaya gaban yara a Jibiya ko Illela ko Maigatari, yaran da wasu daga cikinsu kakanninsu na wajen uwa suna ƙetaren iyaka. Abin da ya faɗa musu game da wane ne ɗan'uwa, wane ne baƙo, shi za su tashi da shi.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a yi nisa, ya dace a tsaya a kan kalmomin da ake amfani da su, domin wani ɓangare na ruɗanin daga harshe ya samo asali. Kalmar "ƙasa" a Hausa ta ɗauki kaya masu yawa. Ita ce turɓayar da ake nomawa, ita ce kuma, da ɗan bambancin karin sauti, kishiyar sama. Har ila yau ita ce yankin da wani sarki yake mulka, kamar ƙasar Kano ko ƙasar Gobir. Ita ce mazaunin wata al'umma, kamar ƙasar Hausa ko ƙasar Yarabawa. Da zamani ya zo, sai aka ƙara mata wani kayan, ta zama sunan abin nan mai tuta da take da fasfo da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan aka ce "ƙasar Hausa" aka kuma ce "ƙasar Nijeriya", kunne yana jin kalma ɗaya, alhali abubuwa biyu ake nufi. Haka ma "ɗan ƙasa" yake da fuska biyu: a bakin ma'aikacin shige da fice yana nufin mai riƙe da takardar shaidar Nijeriya, a bakin mutanen gari kuwa yana nufin wanda aka binne cibiyar kakanninsa a wurin.

Ƙasa a ma'anarta ta zamani, masana shari'a sun gindaya mata sharuɗɗa. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Montebidiyo a shekarar 1933 ta lissafa guda 4: jama'a zaunannu, yanki sananne, gwamnati, da kuma ikon yin hulɗa da sauran ƙasashe. Abin lura a nan shi ne, babu harshe a cikin jerin, babu addini, babu asali. Al'umma kuwa, kalmar da muka aro daga Larabci, taron mutane ne waɗanda harshe ko tarihi ko al'ada ko addini ya haɗa su, suke kuma jin cewa su ɗaya ne, ko da hukuma ɗaya ba ta haɗa su ba.

Sai kuma kalma ta uku, wato cikakken ikon da ƙasa take da shi na zartar da al'amuranta ba tare da wani ya yi mata katsalandan ba. Wasu sukan kira shi 'yancin kai, wasu cin gashin kai, a Nijar kuwa da wasu gidajen rediyo akan ji ɗiyauci. Mai nazarin harshe zai lura cewa 'yanci da ɗiyauci tushensu ɗaya, wato matsayin ɗa ko ɗiya, wanda ya saɓa wa matsayin bawa. Ke nan tun asali Bahaushe ga mutum ya jingina kalmar, daga baya ne aka ara wa ƙasa. Wannan batu ne da za mu koma kansa a gaba.

Idan aka duba duniya, za a tarar ba kasafai ƙasa da al'umma suke dacewa daidai wa daida ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙasashe 193, harsunan duniya kuwa sun kai kimanin 7,000. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa tana da mambobi 22 masu amfani da Larabci, ita kuwa Suwizalan ƙasa ce guda mai harsunan ƙasa 4. Kurdawa suna warwatse a Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya. A maƙwabtanmu, Barebari suna Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, Fulani kuwa daga Senegal har Sudan. Saboda haka halin da Bahaushe ya sami kansa a ciki, shi ne halin da yawancin al'ummun duniya suke ciki.

3.0 Yadda Aka Ja Layin

Kafin zuwan Turawa, masarautun ƙasar Hausa sun san iyaka, sai dai ba irin ta yau ba. Ikon sarki yakan yi ƙarfi a cikin ganuwar birni, ya riƙa raguwa yayin da ake nisa, har a kai ga dajin da babu mai iya cewa nasa ne. Ana gane inda gari ya dosa ne ta wurin sarkin da yake kai wa gaisuwa da haraji, da kuma wanda yake bi idan yaƙi ya tashi. Falke yakan biya kuɗin fito ya wuce, malami da almajiransa su yada zango inda dare ya yi musu. Mulki a wancan zamani a kan mutane yake, fiye da yadda yake a kan fili.

Iyaka mai layi a takarda, Turawa ne suka zo da ita. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya tsara ƙa'idojin rabon Afirka, amma layin da ya shafe mu Ingila da Faransa ne suka ja shi tsakaninsu, kuma ba sau ɗaya ba. A watan Agusta na 1890 suka amince da layin da ya tashi daga garin Say a bakin Kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, da sharaɗin duk abin da yake na Daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila. Firaministan Ingila na lokacin, Lod Salisbiri, da bakinsa ya yi barkwancin cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san inda suke ba. A 1898 aka sake zama, aka ɗora kan alƙalami a kan birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin. Duk wannan ya faru ne kafin Faransawa su kama Damagaram a 1899, kafin kuma Ingilishi su ci Kano da Sakkwato a 1903. Wato an raba fatar tun ba a kama dabbar ba.

Da Faransawa suka zo bin layin 1898 da ƙafa, sai suka tarar ya bar su da hamada, babu hanya mai rijiyoyi da ayarinsu zai bi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram. Suka yi ta ƙorafi har zuwa 1904, lokacin da ƙasashen biyu suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na duniya baki ɗaya. A cikin wannan ciniki Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta suke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can kusa da Kanada, ita kuma Ingila ta yarda a turo iyakar kudu domin Faransa ta sami hanya mai ruwa. Ashe har kifin wani teku da Bagobiri bai taɓa jin sunansa ba ya sa hannu a cikin makomarsa. An kammala yarjejeniyar a 1906, jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamomi har zuwa 1908, aka rattaba hannu a kan sakamakon aikinsu a 1910. Wannan ita ce iyakar mai tsawon kimanin kilomita 1,500 da muka gada a 1960.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi wani abu da masu zagin Turawa sukan tsallake. Layin bai faɗo a kan ƙasar da take dunƙule ba. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi ƙaura arewa suka kafa Maraɗi, inda har yau ake kiran sarkin da Sarkin Katsina. Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Damagaram kuwa Barno take bi. Shekaru da dama waɗannan masarautu suka yi suna kai wa ƙasashen daular hari, ita ma tana ramawa, tana gina ribaɗoɗi domin tsaro. Saboda haka, a wurare da yawa layin Bature ya bi wata tsohuwar ɓaraka ce da ya tarar. Abin da ya yi sabo shi ne ƙafe ta da turaku, da ɗora hukumomi biyu masu harshe daban da tsari daban a gefunanta. Ƙasar Hausa kuwa, a iya tarihin da aka sani, ba ta taɓa zama ƙarƙashin sarki ɗaya ba.

4.0 Me Ya Sa Ba Za a Share Iyakar Ba?

Mu koma ga ɗalibin da yake son a share layi a haɗe Hausawa. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma akwai tambayoyin da ya kamata ya amsa. Ta farko, ina sabon layin zai bi? A kasuwar Damagaram akwai Bahaushe da Babarbare da Buzu da Bafillace, kowa da rumfarsa. A Dosso da Gaya da Kamba, Hausa da Zabarmanci da Dandanci sun cuɗanya. A kudancin Kaduna da Bauci da ƙasar Zuru akwai al'ummun da suke ciniki da Hausa amma ba Hausawa ba ne, kuma ba za su yarda a kira su haka ba. Duk inda aka ja layin harshe, sai an bar wani a gefen da ba ya so. Tambaya ta biyu, ina makomar Hausawan zangon Kumasi, da na Sabo a Ibadan, da na Agege, da na Yawunde, da zuriyar waɗanda suka bi hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno ta Sudan? Ranar da aka kafa dokar cewa kowane harshe da ƙasarsa, ranar ce za a ce musu su tattara su koma tasu.

Tarihi ma ya ba da darasi. Somaliya na cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da kusan kowa yake da harshe ɗaya da addini ɗaya. Ta ɗauki aniyar haɗe dukkan Somalawa, har ta shiga yaƙin Ogaden da Habasha a 1977 zuwa 1978, ta sha kashi. A 1991 gwamnatinta ta rushe, kuma harshe ɗaya bai hana 'yan ƙasar juya wa juna makami ba. Yankin arewacinta da ya ɓalle a wannan shekara da sunan Somalilan ya kafa gwamnati da kuɗi da soja, amma ya shafe sama da shekara 30 ba tare da wata ƙasa ta amince da shi ba. Iritiriya ta rabu da Habasha a 1993, bayan shekara 5 suka gwabza yaƙi a kan iyaka. Sudan ta Kudu ta sami 'yanci a 2011, a ƙarshen 2013 ta faɗa yaƙin basasa. Mu kanmu mun ɗanɗana daga 1967 zuwa 1970.

Irin wannan hange ne ya sa shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a taronsu na Alƙahira a 1964, suka yanke shawarar mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci, in ban da Maroko da Somaliya da suka nuna rashin amincewa. Sun san sarai yadda aka ja layukan. Abin da suka gane shi ne, idan aka fara warware ƙulli ɗaya, babu wanda ya san inda zaren zai tsaya. Wannan ƙa'ida takan yi ɗaci wani lokaci. A watan Oktoba na 2002 Kotun Duniya ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 ta ba Kamaru tsibirin Bakasi, tare da wasu ƙauyuka na yankin Tafkin Chadi, ciki har da Darak, inda masunta 'yan Nijeriya suka daɗe da zama. Nijeriya ta kammala miƙa Bakasi a watan Agusta na 2008. Mutane sun rasa matsuguni, an kuwa yi kuka. Duk da haka, idan aka auna wannan da abin da yaƙi tsakanin maƙwabtan biyu zai haifar, za a ga an zaɓi mafi sauƙin sharri biyu. Nijar ma ta bi wannan hanya da Benin a kan tsibirin Lete, kotun ta yanke hukunci a 2005.

Akwai kuma wani amfani na iyaka da ba a cika ambata ba, wato mafaka. A zamanin mulkin mallaka, kafin Faransa ta soke aikin tilas a 1946, talakawa da yawa sun riƙa tsallakowa kudu domin guje wa aikin da haraji. A zamaninmu kuwa ƙafa ta juya: mutanen Barno sun sami mafaka a jihar Difa lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta, kuma daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi. Samun hukuma ta biyu a kusa, wadda kuma 'yan'uwa ne suke zaune a ƙarƙashinta, rahama ce ga talaka ranar da ta farko ta gaza.

5.0 Me Ya Sa Ba Za a Mayar da Ita Katanga Ba?

Yanzu sai ɗalibi na farko, wanda yake ganin duk abin da ke bayan shingen kwastan baƙo ne. Gaskiya ne shekaru fiye da 100 na hukumomi biyu sun bar tabo, har a cikin harshe. Inda Bakano zai ce makaranta da ofis da kwastan, Bamaraɗe yakan ce lakwal da buro da duwan. Wannan yana lissafi da naira, wancan da dala da jika. Wani masani Ba'amurke, William Miles, ya rubuta littafi a 1994 a kan ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaje a ƙasar Daura da Yekuwa a Nijar, inda ya nuna yadda tsarin mulki da sarauta da makaranta suka bambanta su. Amma duk waɗannan kalmomin aro ne da suka hau kan ginshiƙi ɗaya. Nahawun bai canza ba, karin magana bai canza ba, haka ma lefe da suna da zaman makoki. Hasali ma, Hausar Ƙonni ta fi kusa da ta Sakkwato fiye da yadda Sakkwatanci yake kusa da Kananci.

Tattalin arziki ma haka yake. Dabbobi da wake da albasa suna gangarowa kudu, hatsi da man fetur da kayan masana'anta suna haurawa arewa. Kasuwannin Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari, da babbar kasuwar hatsi ta Dawanau, duk da wannan zirga-zirga suke numfashi. Shi ya sa duk lokacin da aka rufe iyaka, talaka ne yake fara ji a jikinsa. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan shugaban Nijeriya na wancan zamani, suna ce mata El-Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da nufin hana fasa-ƙwaurin shinkafa. Babban ɗan fasa-ƙwauri ya san ɓarauniyar hanya, ya kuma san hannun da zai shafa wa mai. Wadda ta tagayyara ita ce mai tallar da take ɗaukar tiya biyar ta gero a ka zuwa kasuwar ƙetare.

Misali mafi kusa shi ne na 2023. Bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ta, aka kuma yi barazanar amfani da soja. Ba manufar wannan maƙala ba ce ta wanke juyin mulki, domin ƙwace mulki da bindiga shi ma tauye 'yancin jama'a ne. Abin dubawa shi ne wanda hukuncin ya faɗa wa. Motocin kaya sun yi jerin gwano a bakin iyaka, magani da abinci suka yi tsada a ɓangarorin biyu. Sanatocin arewa suka fito suka ƙi amincewa da yaƙi, suna tunatar da cewa jihohi 7 ne suke maƙwabtaka da Nijar. Abin sha'awa kuma, lokacin da ƙofar diflomasiyya ta toshe, waɗanda suka fara samun ganin shugaban sojojin, Janar Abdourahamane Tiani, su ne Muhammadu Sanusi na II tare da Sarkin Damagaram, sai kuma tawagar malaman addini daga Nijeriya. Wato al'umma ce ta buɗe ƙofar da ƙasa ta kasa buɗewa. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024 ba tare da ya cim ma burinsa ba, kuma a watan Janairu na 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata.

A nan ne asalin kalmar 'yanci yake da amfani. Kowace gwamnati, ta Abuja da ta Yamai, tana kafa hujja da 'yancin ƙasa idan za ta rufe hanya. Amma idan 'yanci tun farko sifar ɗa ne, to na ƙasa amana ce da 'ya'yanta suka ba ta domin ta kare rayukansu da abincinsu. Hukumar da ta yi amfani da wannan amana ta jefa su cikin yunwa, ta juya wa mai wuƙa wuƙarsa. Ba a musun cewa hukuma tana da haƙƙin tsare iyaka daga masu safarar makamai da 'yan ta'adda. Sai dai wannan aiki ne da yake bukatar jami'an ɓangarorin biyu su haɗa kai da mutanen garuruwan iyaka, waɗanda su ne suka san kowace hanya da kowace baƙuwar fuska. Wanda aka toshe wa abinci kuwa ba ya kawo rahoto.

6.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abu na farko, tun da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta shiga halin rashin tabbas dangane da Nijar, ya kamata ƙasashen biyu su ƙulla tasu ta kai tsaye, wadda za ta tabbatar wa mazauna garuruwan iyaka damar zuwa kasuwa da gona da asibiti da jana'iza, kome saɓanin da ke tsakanin shugabanni. Akwai ma inda za a ɗora wannan aiki, wato Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971. Abu na biyu, a cire abinci da magani da wutar asibiti daga cikin makaman siyasa. Na uku, a ba sarakuna da malamai da shugabannin kasuwa na ɓangarorin biyu wurin zama sananne a cikin sasanta rikici, maimakon a tuna da su sai wuta ta kama. Ayyuka irin na layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, da wannan ido ya kamata a dube su.

Mu ma masu nazarin harshe muna da namu kason. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, amma har yanzu littafin da aka buga a Zariya da wuya ya isa ajin Tawa, na Damagaram ma da wuya ya iso Kano. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan dama ce ta musayar littattafai da malamai da ƙamus na kalmomin fannu. Amma tilas ne a yi hattara, kada murna ta sa mu faɗa cikin kuskuren da wannan maƙala take gargaɗi a kansa. Nijar ta Bazabarme ce da Buzu da Babarbare da Bafillace da Tubu kamar yadda take ta Bahaushe, kuma harshen da aka ɗaukaka ya zama wajibi ya yi wa sauran hidima.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kalmar "ƙasa" ta haɗa ma'anoni da dama a baki ɗaya, da yadda aka ja iyakar Nijeriya da Nijar tsakanin 1890 da 1910, da kuma dalilan da suka sa share ta yake da haɗari, toshe ta kuma yake zalunci. Abin da ake fata ga ɗalibin da zai zama malami shi ne ya iya riƙe gaskiya biyu a lokaci guda, ya kuma koya wa yara su riƙe su. Yaron Jibiya ɗan Nijeriya ne cikakke, dokarta ta hau kansa, yana da haƙƙi a kanta daidai da yaron Kalaba ko Ogbomosho. Shi ne kuma Bahaushen da yake da dangi a Ɗan Isa da Maraɗi, wanda babu laifi a kansa idan ya ji ciwon abin da ya same su. Idan ɗalibi ya sake cewa, "Malam, ai waɗannan garuruwan na Nijar ne," sai a amsa masa da cewa haka ne, na Nijar ne, kuma na ƙasar Hausa ne, sannan a ɗauki alli a nuna masa yadda aka yi haka ta kasance.